Ƴaƴan Durgu

Ƙwai goma sha biyu na zabbi na sayo
ran Lahadi a kasuwar Tawa.
Na binne su cikin dussa a ƙwarya,
na rungume ƙwaryar har Kalfu,
mota na tsalle, ni ina salati.

Durgu na kwanci a bayan rumbu.
Da dare ya raba na ɗaga ta a hankali,
na kwashe nata, na zuba mata na wasu.
Ta sare ni a yatsa har jini,
sannan ta gyara fiffike ta rufe su
kamar daga cikinta suka fito.

Na kaza mako uku ne,
na zabo sai an ƙara mako.
Ta ƙara, ba ta ƙirga ba.
Ƙirjinta ya tuje, zankonta ya koɗe,
ruwa ma sai na tura mata kasko.

Uku suka yi dungu.
Tara suka fito, masu zane a ka,
ƙafafu ja kamar an sa musu lalle.
Ta dube su da idon dama,
ta juya ta dube su da na hagu,
ta ce kut, kut, ku zo.

Damana ta sauka. Kullum da asuba
nakan tafi gindin suri in ɗebo gara,
Barsu na biye da ni yana kaɗa bindi
kamar shi za a ba.
Ran da na tafi suna gidan Illo
shirwa ta sauko ta ɗauki ɗaya,
Barsu na barci ƙarƙashin amalanke.
Na dawo na tarar da Durgu ba gashin wutsiya.
Wa ya sani ko har ina ta bi ta.
Ɗaya kuma muzuru ne, ko sanyi,
ban ga gawa ba balle in yi shaida.

Bakwai suka girma.
Kafin a yanke hatsi sun fi ta tsawo,
sun yi wuya, sun yi zane,
sun fara magana da wani yare.
Ta tona ƙasa ta kira, kut, kut,
su amsa daga bayan darni
da ƙara kamar ana goga ƙarfe.

Wata magariba, gawo ya soma ganye,
babbansu ya dubi sama ya tashi.
Sauran suka bi, fir, fir,
har reshen da ko gora ba ta kaiwa.
Durgu, mai ƙafa kamar ɗan yatsa,
ta zagaya gindin gawo sau nawa,
ta haye turmi, ta buɗe fiffike,
ta faɗo cikin toka.

Mantu ta leƙo ta kan darni tana dariya:
Tsayaba, kazarki ta haukace!
Ni ban yi dariya ba.
Na ɗauke ta na sa a akurki,
na jingina dutse a ƙofa.

Ran Juma'a Tsahiru ya kira daga Abijan,
ɗan ƙanwata, wanda na goya
tun cibiya ba ta faɗi ba.
Ya ba ɗansa talho ya gaishe ni.
Yaron ya yi ta zuba da bakinsu na can,
ni ina cewa lafiya lau, lafiya lau,
har kuɗin suka ƙare.

Yanzu da safe zabbin kan sauko
su bi garken Illo zuwa fadama.
Sai ɗaya, mai ɗingishi,
kan tsaya ta ci tsaba kusa da Durgu,
ba hira, kowa da nasa tsinta.

Shekaranjiya na ga Durgu bayan rumbu,
ta kumbura, tana harara ta.
Na san wannan zaman.
Jibi Lahadi.
Na wanke ƙwaryar, na kife a rana.