Tsinke, Karyar Kawu Jatau

Kawu Jatau ba ya bari a jefi kare a gabansa.
Ko yaro ne sai ya riƙe hannun
har dutsen ya faɗi ƙasa da kansa.
Mun daɗe muna cewa taɓuwa ce,
sai daren da na kwana a bakin gadinsa.

Shekarar da Galma ta cika ta haɗiye gonaki,
ya haye da asuba, shi da Tsinke,
karya ja, kunne ɗaya a yage,
ana ƙirga haƙarƙarinta tun daga nesa.
Kafin la'asar ruwa ya rufe musu baya.
Kafin magariba ya zurma ramin dabgi,
ya ji ƙas! kamar karan dawa, a ƙafarsa.

Kwana na farko shi ne ubangida:
ƙuli-ƙuli huɗu, ya ci uku, ya jefa mata ɗaya.
Kwana na uku burgami ya zama fata kawai,
ashana ta jiƙe, ƙafa ta kumbura kamar tulu.

Kwana na huɗu ta ɓace tun hantsi.
Ya ce, ba laifi, ciki bai san ubangida ba.
Da azahar sai ga ta da gafiya a baki,
ta ajiye, ta ja baya, ta zauna tana kallonsa.
Shi da ya tashi yana wanke ƙwarya sau bakwai
in harshen kare ya taɓa bakinta,
ya daɗe yana duban naman,
sannan ya ce, Allah, kai ka aiko,
kai ka zaɓi ɗan aiken.
Ya raba biyu da wuƙa, bai duba babban kashi ba.

Daga nan makaranta ta juye.
Ya koyi tafiya da gwiwa da tafin hannu
yana bin jelarta cikin gamba,
ya koyi ɗaga hanci ya tambayi iska,
ya sha ruwan kwarmin dutse da baki, kamar yadda ta sha.
Ita kuwa ta koyi cin ɗinya a tafinsa,
ta koyi haɗiye haushi in kura na wucewa.
Daren farko shi ya matse mata baki.
Daren da zazzaɓi ya sa shi nishi,
ita ta ɗora wuyanta a kan bakinsa.

Kwana tara. Jaɓɓo mai kiwo ya tsince su a tsagin dutse.
Ya rantse har ya mutu
bai san wanda ya fara yi masa gurnani ba.

An ɗora ƙafa, ta kama a karkace.
Amma ɗaki ya yi wa Kawu ƙunci,
a tsakar gida yake kwana, kunne a ƙasa.
Tsinke ta ƙi ƙanzo, ta ƙi dusa,
dare ya yi sai ta tsaya a ƙofar zaure
tana sauraron abin da mu ba ma ji.
Bayan kaka ta tafi.
Wani ya ce ya hango ta a Kufena tare da dila.
Kawu yana da fiton da take amsawa.
Bai yi ba.

Yanzu ana fasa duwatsun ana sayar da tsakuwa,
dajin ya zama fuloti, an kafa masa siminti.
Kawu na gadin gidan bulo a hanyar Wusasa,
kwari da baka sun koma tocila da usur.
Ɓarawo bai taɓa shammatarsa ba:
hanci ke tashinsa kafin kunne.

Na gan shi daren nan ya raba tuwonsa biyu,
ya ɗingisa ya kai rabi bayan katanga.
Na ce, Kawu, ai ta daɗe da zama ƙasa.
Ya ce, na sani.
Ranar farko ni na ci uku.