Bashin Laka

Shekara talatin ina saran itacen nan
mai tsayuwa da ƙafafu cikin ruwan gishiri,
kamar tsohuwa ta tattare zane za ta haye rafi.
Da shi na banda kifi, da shi na rufa ɗaki,
da shi na biya wa Ampa kuɗin makaranta.
Ban taɓa tambayar me yake tarewa ba.

Teku ce ta ba ni amsa.
Ta shiga gonar shinkafar uwata da dare, ba sallama,
ta bar gishiri fari fat a kan kunya
kamar furfura a kan yaro.

Yanzu a nan Kasamans, in ruwa ya janye,
sai mu faɗa laka har cinya,
kwando a ka, cike da 'ya'yan itacen,
dogaye, masu tsini kamar alƙalami.
Taku biyu, ka soka ɗaya.
Taku biyu, ka soka ɗaya.
Ɓawon kawa na tsaga tafin ƙafa,
ba ka ji sai ka fito.
Bara dubu huɗu muka soka.
Ƙaguwa ta ci rabi, igiyar ruwa ta ɗebi kasonta.
Sibet Jatta ta ƙirga saura da yatsa,
ta ce a dawo gobe.

Wata Laraba muka tsinci kwasakwasa
kwance a bakin mashigi, baki buɗe, ba kuka.
Zaren koma ya naɗe fiffike, ya ci nama har ƙashi,
ƙugiya ta keta jakar maƙogwaro.
Na duba ƙullin zaren.
Irin ƙullina ne.
Ban faɗa wa kowa ba.

Sibet ta rufe mata ido da ɗankwali,
ni na riƙe ƙirji, zuciya na dukan tafina.
Ta kai mini sara a wuyan hannu, ga tabon nan.
Aka wanke da tafasasshen ruwa,
aka ɗinke jaka da allurar asibiti,
aka yi ɗori da tsagin gora,
yadda ake wa ɗan da ya faɗo daga giginya.
Kifi shida kullum, daga kamuna.
Matata ta ce tun da take
ba ta ga an ciyar da ɓarawon kifi a faranti ba.

Kwana arba'in muka kwance ɗori.
Ranar farko tafiya kawai ta yi, tana harararmu.
Ta uku ta ruga bisa ruwa, ta ɗaga,
a karkace, ƙasa-ƙasa, hagu na jan baya.
Yara na jira ta kewayo.
Ba ta waiwayo ba.
Sibet ta kakkaɓe ɗankwali, ta ce,
ai ba ta ci bashinmu ba.

Dashen bara ya kawo mini gwiwa,
ganye huɗu, wani shida.
Shekarata sittin da bakwai,
na san ba ni zan sha inuwarsa ba.
Amma jiya na ga 'yan kifi a gindinsa,
ba su fi farce ba, suna ɓuya.

Ruwa ya fara dawowa, ya taɓa ƙwauri.
Saura goma sha ɗaya a kwando.