Mai Niƙa Tawada

Shekara tara ina niƙa wa Janar Nie Boyan tawada
a bakin tekun Fujian.
Ban taɓa riƙe takobi ba.
Nawa baƙin dutse ne da ɗigon ruwa,
da kallon hannunsa na rawa in zai rubuta wa fada,
hannun da bai girgiza ba a Tsibirin Kifi Uku
ranar da jirage goma sha ɗaya suka ci wuta.

Sojojinsa ba 'yan birni ba ne.
Masu dafa gishiri ne, da masuntan da aka ƙone wa ƙauye.
Ya koya musu taka taɓo da amon ganga,
masu gora a gaba, masu mashi a baya.
Da albashi ya yi wata biyar a hanya
sirdinsa ya jinginar, aka sayo shinkafa.

Daren nasara muka fasa cikin jirgin 'yan fashi.
Mun zaci azurfa.
Siliki ne, dami kan dami, kowanne da jan hatimi
na gidan Kuang, mai ɗa a majalisar sarki.
Cikin kamammu arba'in, uku ne 'yan ƙetare.
Sauran da harshen kakata suke roƙon ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsallake wannan layin."
Bai ɗago ba. Ya ce, "Niƙa."
Na niƙa.
Ya rubuta cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga,
ya kuma faɗi sunan mai bangon.

Doki kan yi wata kafin ya kai Beijing.
Ƙarya ta riga shi,
ta bi ƙofar baya da akwatin lu'ulu'u.
A can akwai waɗanda ba su san ƙarnin teku ba,
suna auna yaƙi daga cikin hannun riga.
Wani baban fada ya karanta takardarmu, ya naɗe,
ya ɗora mata butar shayi.
Aka ce ya kashe talakawan sarki babu izini.
Aka ce ya cinye kuɗin shinkafa.
Shinkafar sirdi!

Amsa ta zo da damina, cikin rawayan ƙyalle.
Ya durƙusa a laka ya saurara har ƙarshe,
ya yi godiya, kamar yadda doka ta ce.
Masu gishiri suka fara lalubar makamai.
Kallo ɗaya ya yi musu, suka zubar.
Kafin a sa sarƙa ya miƙo mini dutsen:
"Wanke shi. In ta bushe a kai, wuyar fita gare ta."

Wanda aka aiko surukin Kuang ne.
Jirgi na ɗaure a tasha ya fara amai.
Bana baƙaƙen filafilai sun dawo,
jiya da dare ƙauye biyu sun haska sama.
Da safe ya rubuta wa fada cewa teku lafiya lau.

Ni na niƙa tawadar.
Na cika mata ruwa da gangan,
ko wani a can zai lura ta yi fari.