Zagayen Asabar

Likita ya ce jinina ya hau,
na ce to, ni ma bari in hau.
Na sauko da keken da ke rataye a zaure,
Tanimu mai faci ya ba shi iska da baƙin mai,
ya ce, Baba, sarƙar nan ta girmi ɗana.

Daga Samaru, kafin hantsi,
na karya ta Bomo.
Hanya shimfiɗe kamar tabarmar baƙo,
ba tudun da zai tambaye ni shekaruna.
Dawa ta sunkuyo dama da hagu, kai ya yi nauyi.
An shanya barkono a bakin titi,
ja wur, atishawa uku na biya kafin in wuce.

Yaro da rake a kafaɗa ya ja tsere da ni.
Ya ci.

A Basawa na jingine a gindin mangwaro,
Lantana ta zubo koko, ta ƙi kuɗin ƙosai,
wai ladan kallon tsoho yana haki.

Daga nan gangare kyauta ne,
na ɗauke ƙafa daga feda,
iska ta cika mini riga kamar ta attajiri.
Kwangila da hayaniyarta, na raɓa ta gefe.

Na dawo ƙofar da na fita,
ban sayo komai ba, ban kai saƙon kowa ba.
Asabe ta ce, ina ka je?
Na ce, gida na zo, ta doguwar hanya.
Gwiwa tana ƙorafi. Ta saba, akwai wata Asabar.