Kada Kowa Ya Ce Ya Yi Kyau

Alhamis ce, ta ƙarshen zango.
Fanka ta mutu tun watan jiya,
zafin Sakkwato ya shigo aji ya zauna
kamar shi ma an rubuta sunansa a rajista.
Mun jera ayyukan a gindin bango:
takardu goma sha tara, tukwane huɗu,
da jakar fata guda mai warin bagaruwa.

Doka ɗaya na kafa:
yau kada kowa ya ce "ya yi kyau."
Da wannan kalma ake naɗe tabarmar zance
tun baƙo bai zauna ba.
Faɗi abin da idonka ya gani,
sannan ka tambayi mai aikin.

Sahabi ya zana gadar Kwalkwalawa,
jirage biyu, da mai wanki a bakin gaɓa.
Ruwansa shuɗi, kamar an juye masa shuni.
Kulu ta ɗaga hannu:
"Yaushe kag ga Rima hakanga?"
Ya sosa ƙeya. "A littafi haka ruwa yake."
"A ƙarƙashin gada fa?"
Ya daɗe yana kallon silin.
"Kamar shayin da aka yi wa rowar madara."
Na ce, rubuta wannan a bayan takardar,
fentin gobe ke nan ka haɗa.

Tukunyar Luba ta tsage a wurin gashi.
Ta juya tsagar tana duban bango,
ta tsaya a gabanta kamar mai gadi.
Ban juya mata ba.
Na ce, ina ne tukunyar ta fi koya miki?
Ta yi jim, ta sa yatsa biyu ta juyo ta:
"Nan. Na yi sauri, yumɓun bai bushe ba."
Babu wanda ya yi dariya,
har Jabbi, da dariya ke kwana a bakinsa.

Shi ne mai jakar.
Ɗinkinsa a jere kamar haƙoran tsefe,
gidansu dukawa ne tun kaka da kakanni.
Na ce, wane ɗinki ne naka a ciki,
wanda ba na Baba ba?
Ya nema, ya nema,
ya nuna wani ɗan karkatacce a kusurwa
inda ya gwada zaren kore.
Na ce, daga nan za ka fara.

Sai hannun kakar Marwana
tana tsince albasa a faifai.
Wani ya ƙirga da ƙarfi: yatsu shida!
Aji ya ɗauka.
Marwana bai sunkuyar da kai ba.
"In tana aiki ba su ƙirguwa," ya ce,
"ni abin da nig gani na zana."
Na buɗe baki, na rufe.
Babu wannan a takardar ba da maki.

Ni a zamanina jan biro aka ba ni:
huɗu bisa goma, ba ƙarin ko wasali.
Shekara talatin ina neman shidan
ban san a wace kusurwa suka faɗi ba.

An kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya tashi.
Kulu tana duban saman allo,
inda raƙumina yake rataye tun zuwana makarantar.
"Malam, a yi tambaya?"
Na ce bismilla.
"Ƙafarshi ta baya, shina tafiya ko shina tsaye?"

Na juya na dube shi,
karon farko cikin shekara bakwai.
Na miƙa hannu na sauko da shi,
na kaɗe yanar gizo-gizo,
na jingina shi a gindin bango
tsakanin tukunyar Luba da gadar Sahabi.
Na ce, wa ke da fensir?