Sa'o'in Jira

Ni ce mai rubutu, a kusurwar ɗaki,
saman shagon tayoyi, a Paranaguá.
Ta taga, tirelolin waken soya
sun miƙe har inda ido ke gajiya,
suna jiran tashar jiragen ruwa ta buɗe baki.

Mutum goma sha ɗaya, tebur ɗaya, fanka mai kuka.
Dona Neusa, mai sasantawa, ta gindaya tun ranar farko:
nan ba a ɗaga hannu a ƙirga.
Ba layin da zai hau takarda
sai kowa ya ce, zan iya kwana da shi.
Shi ya sa alƙalamina ya fi kowa samun hutu.

Mako uku muna tauna kalmar nan, hutu,
ta ƙi haɗiyuwa.

Adalberto, mai motoci arba'in da biyu,
ya ce direban da ke layi a zaune yake,
inji a kashe, wane aiki ya yi?
Likitar barci ta haska zane a bango,
tudu da kwari, ƙarfe huɗun asuba can ƙasan rami.
Ɗan sandan hanya bai tofa ba,
hularsa kawai yake juyawa a kan gwiwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Valdecir, shekara ashirin da shida a kan sitiyari, ya ce:
Da takalmi nake kwanciya, kunne ɗaya a waje.
Bayan kowane kwata layi na matsawa tsawon mota guda.
Ka rufe ido, na baya ya danna maka oda.
Ka sake rufewa, wani ya shige gabanka.
Awa tara a haka.
Sannan takarda ta ce na huta,
in kama hanyar Cascavel cikin dare.

Ranar Laraba aka kusa.
Jira aiki ne, a ƙirga shi cikin awoyin tuƙi.
Har Adalberto ya gyaɗa kai, kamar mai ciwon haƙori.
Na cire murfin alƙalami.

A'a, in ji Gilmar.
Yaron da bai kai talatin ba, mota ɗaya,
ita ma rabinta na banki ne.
Kuna son ƙwato ni daga hannun gyangyaɗi
ku miƙa wa masu bina bashi.
Lodi huɗu a wata nake biya da shi. Wannan uku ne.

Goma da ɗaya.
Da ƙuri'a ce, da tuni mun sauka cin abinci.
Wani ya ja tsaki.
Dona Neusa ta ce a sake ɗora kofi.

Muka zauna da a'arsa har la'asar,
ana juya ta, ana duba gindinta.
Ɗan sandan ya ajiye hular a ƙarshe.
Ni nake ƙwanƙwasa ƙofofi, ya ce.
Ban san ƙofar wa ba tukuna. Ba na son in koyi taka.
Bai ƙara ba.

Wakilin tasha, wanda muka manta da shi,
ya ce ana iya aika lokacin shiga ta waya,
mutum ya yi fakin, ya cire takalmi.
Masu kaya su biya abin da ya haura awa uku.
Rabin kuɗi, in ji wakilinsu. Aka ja, aka saki,
aka tsaya a kashi biyu cikin uku.

Gilmar ya juya rasidin mai,
ya yi lissafi a bayansa, ya soke, ya sake.
Fanka na kuka. Ba wanda ya duba agogo.

Bai ishe ni ba, ya ce.
Ya ninke rasidin ya sa a aljihu.
Amma zan iya kwana da shi.

Layi biyu da rabi na rubuta.
Saura sakin layi goma sha bakwai.
Can ƙasa wani ya danna oda,
jerin motoci ya matsa tsawon guda,
ya sake tsayawa.