Jakin Baba Ya Wuce Ni a Layi

Tun ladan bai gyara murya ba
na turo raksha da hannu, kamar mai rakiyar majinyaci,
daga ƙofar gida har bakin gidan mai.
Ban tayar ba, don tayarwar ma kuɗi ce.
Ni ne na saba'in da huɗu,
wani yaro ya shafa mini lambar da gawayi a jikin rumfa.

A nan Gadarif banzin ake ce masa.
Wanda ya raɗa wannan suna bai taɓa sayen galan ba.
Ni dai na duba sama da ƙasa
ban ga abin banza a jikinsa ba.
Kuɗin da aka faɗa jiya da safe ya haihu kafin la'asar,
yau ga shi har da jika.

Sittana mai shayi ta biyo layi da murhunta,
ita kaɗai wannan tsada ta yi wa rana.
Muna kurɓa, kowa na baje dabararsa.
Babikir ya ce a cika wa taya iska har ta ƙi gaisuwa.
Ilu ya cire akwatin kiɗa, wai nauyi ne,
yanzu da bakinsa yake yi wa fasinja.
Ni kuwa in na kai gangaren bayan kasuwar riɗi
sai in kashe inji, in bar wa ƙasa aikinta,
mu sulale shiru kamar masu gudun mai bin bashi.
Ba na tashi sai mutum uku sun cika,
ko da ta farkon za ta tsine mini har kakanni.

Da tsinken dawa nake awon tanki.
In ya jiƙe gaɓa biyu, akwai nama a miya.
In gaɓa ɗaya ce, Hansatu ta san karatun,
ba ta tambaya, sai ta ƙara ruwa.
Yara sun koma sayyada zuwa makaranta,
ƙaramin ya ce takalminsa ma ya soma shan mai.

Wajen hantsi sai na ji ƙararrawa.
Na san ta tun ban waiga ba.
Jakin Baba ne, mai tsagaggen kunnen hagu,
wanda na sayar shekara shida da suka wuce
na haɗa da awarwaron Inna na sayi wannan ƙarfe.
Ranar na ce wa tsoho zamani ya wuce jaki.
Bai ce komai ba, sai ya kwance igiyar da kansa.

Ga shi yau, amalanke cike da mata da buhunan albasa,
Attayib a sama yana lissafin kuɗi da hannu biyu,
linzami ma ya sake.
Ya wuce na saba'in da huɗu, ya wuce na hamsin,
ya wuce na ɗaya,
ko kallon famfo bai yi ba.
A daidai gabana kaɗai ya ɗan tsaya ya yi kashi.

An ce akwai wani makaniki can wajen tasha
da ke ɗora wa raksha allon hasken rana a ka,
ta yini tana tafiya ba hayaƙi, ba layi.
Na tambayi kuɗin.
Jaki huɗu ne, in an yi mini ragi.

Azahar ta yi, muka yi sahu a inuwar tankar da ba komai cikinta.
Bayan sallama mai famfo ya ɗaga hannu, ya ce sai gobe.
An tsaya a kan na sittin da tara.

Na tsoma tsinke. Rabin gaɓa.
Na naɗe ƙafar wando, na dafa ƙarfen da ya yi zafi,
na soma turawa ta hanyar gidan Baba,
ina shirya yadda zan fara maganar.